Baba Ya Zo Yafe wa Gwamnati Bashi

Sau ɗaya mahaifina ya taɓa cin abincin gidana, shi ma ɗumame ne.

Ba faɗa muka yi ba. Yakan zo Abuja ya sauka wajena a Lugbe, ya ɗora jikokinsa a wuya, ya yi sallah a kan daddumata, ya kwana a ɗakin baƙi. Amma da an ajiye kwano a gabansa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake," ya jawo jakarsa ya fiddo guzurin da Inna ta ɗaura masa tun daga Kano: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kunu a ƙullin leda. Lemon da mijina yake kawowa daga Zuba, inda yake sana'arsa, shi kam yana sha, don ya san asalinsa. Tukunya ce bai yarda da ita ba. Ya ce a Abuja albashin mata ma yana shiga tukunya, kuma bai yi ƙarya ba. Ko zoɓon da shi da kansa ya aiko mini, in na dafa ba ya sha, saboda sukarin.

Laifina ɗaya ne. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, gwamnati kuwa Baba yana bin ta bashi.

Zoɓo Baba yake fitarwa waje. Yana sayo shi daga ƙauyukan Jigawa, mata su tsince masa a sitonsa da ke Dawanau, a ɗure a buhu, a loda a kwantena zuwa Legas, daga can sai Meksiko. Har ya bar duniya bai daina mamakin mutanen Meksiko ba, wai a ce mutum yana da kuɗin hayar jirgin ruwa amma zoɓo ne abin marmarinsa. Ina 'yar makaranta gwamnati ta fito da tsarin tallafa wa masu fitar da kaya: duk wanda ya sayar da kayan ƙasar nan a waje, ya dawo da kuɗin ta banki, za a ɗora masa wani kaso a kai. Baba bai roƙi kowa ba. Amma da abokan sana'arsa suka sauke farashi suna dogaro da kason, dole shi ma ya sauke, in ba haka ba mutanen Meksiko su koma wajen wani. Da farko ana biya, ko da yake ba da kuɗi ba, da wata takarda ce da ake biyan kuɗin kwastan da ita, shi kuma ya sayar wa masu shigo da kaya. Sai aka wayi gari aka ce an dakatar, za a yi gyara. Daga nan Baba ya koyi kalmar tantancewa. Duk sabon shugaban da aka naɗa sai ya kafa kwamiti, kwamitin ya kira masu fitar da kaya su zo Abuja da takardunsu a tabbatar da abin da kwamitin baya ya riga ya tabbatar. Baba yana da wata jakar gana-mas-go ta wannan aikin kawai. Sai da ta yage aka sauya mata wata.

Motocinsa ya fara sayarwa ya biya manoma, don Baba ba ya kwana da haƙƙin manomi. Daga baya siton ma ya tafi. Ranar da ya miƙa makullin ga sabon mai shi, bayan sallar la'asar, a masallacin kasuwa, gaban jama'a, ya ɗaga hannu ya ce duk wanda ya ci ko ƙwandalar gwamnatin nan alhali tana riƙe da haƙƙinsa, babba ne ko ƙarami, Allah ya isa tsakaninsa da shi, bai yafe ba duniya da lahira. Masallaci ya amsa da amin. A lokacin babu ma'aikacin gwamnati ko ɗaya a gidanmu, saboda haka Baba ya saki baki yadda ransa yake so.

Ni kuwa ina gama bautar ƙasa na sami aikin gwamnati. Na kira shi a waya ina tsalle. Sai ya ce, "Ta jiha ko ta tarayya?" Na ce ta tarayya. Ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Aikina ko kusa bai shafi zoɓo ba. Ina wani sashe ne da ke tattara rahoton ruwan madatsai, mu ɗaure shi da kyau mu ajiye. Na yi masa wannan bayanin har na gaji. Ya ce asusun da ake biyana daga ciki, nan kuɗinsa suke kwance. Bai ce in bar aikin ba, ya san yadda aiki yake wuya, amma shi ba zai ci ba, kada ya faɗa cikin addu'ar kansa. Ni kuwa na riga na faɗa. Wanda bai tashi a gidan Bahaushe ba zai ɗauki wannan abin dariya, ni ma nakan yi dariyar in ina ba da labarin. Amma duk ranar da ɗana ya kwanta zazzaɓi, ko aka tsallake ni a ƙarin girma, ko motata ta mutu a titin filin jirgi, bakin Baba nake fara tunawa kafin likita ko makanike.

Na taɓa gwada dabara. Na sa mijina ya yi cefane kaf da kuɗinsa, tun daga shinkafa har gishiri, ya kuma zo ya rantse a gaban Baba. Baba ya saurare shi da kyau, ya yaba masa, sannan ya ce, to wa ya sayi tukunyar?

Inna ta roƙe shi har ta haƙura. Limamin unguwarmu ya ce masa yafiya ko a zuci aka yi ta ta wadatar. Baba ya ce wannan a littafi ne, shi ɗan kasuwa ne. A kasuwa wanda ake bi zai tsaya ya ce, eh, kana bina, ya miƙo hannu, mai bi ya kama ya ce na yafe, mutum biyu suna kallo. Tunda a gaban jama'a ya yi maganar, a gaban shaidu zai janye ta. Gaskiyar kuma da ba ya faɗa ita ce yana son kuɗinsa. Yana sona, yana son kuɗinsa, ya kuma ɗauki shekaru yana ɗora mu a sikeli. Wannan ya yi mini ciwo, har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Wata Lahadi ya iso Lugbe a motar haya, duk ya rame. Na leƙa but ɗin motar ina neman gana-mas-go, ya ce bai zo da ita ba. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "gobe ki nemi izini a wajen aiki, za ki raka ni. Zan je in yafe musu." Ya ce mijina ya zo a matsayin shaida. Shaida na biyu kuma ya zaɓi maƙwabcinmu, wani tsohon ɗan sanda mutumin Filato da suke hira a ƙofar gida duk zuwan da ya yi. Mutumin fansho yake ci, wato shi ma addu'ar ta haɗa da shi, bai dai sani ba.

Da sassafe Baba ya sa farar babbar rigarsa ta idi, ya fesa turare. Ni na rataya katin aikina a wuya, don yana rage tambaya a ƙofar ofisoshi. Da muka isa ofishin da ake tantancewar, mai gadin ƙofa ya ce, "Baba, claim ne ko verification?" Baba ya ce, "Yafiya." Mai gadin ya dube shi, ya dube ni, ya rubuta verification, wato tantancewa.

A bencin bene muka tarar da abokan jiransa, mai citta daga kudancin Kaduna, mai fata, mai kashu, suna gaisawa kamar marasa lafiya a layin asibiti. Matar da ke teburin ƙofar darakta ta san Baba tun zuwansa na farko. 'Yar Nasarawa ce, Hausarta irin ta Abuja.

"Ah, Baban zoɓo! Yau ba ka kawo jaka ba? Ka yi ado kamar zai tafi biki. Oga tana ciki, amma ya ce kar a dame shi."

Baba ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta ajiye biro.

"Ka yafe wa wa? No, Baba, kar ka yi haka. Fayil naka ya kusa fita, remain small."

"'Yata," in ji Baba, "ranar da kika fara ce mini ya kusa, kina da cikin yaron nan da kika nuna mini hotonsa da rigar sakandare."

Ta yi dariya, sannan ta daina, ta tashi ta shiga ciki. Ban san me ta ce wa ogan nata ba, amma aka shigar da mu.

Daraktan ɗan arewa ne mai fara'a, carbi a hannu, Hausarsa tsaf in ban da inda Turanci ke faɗowa. Ya miƙe ya gaida Baba hannu biyu, abin da da ya san me ke tafe da bai yi ba. Ya sa a kawo shayi. Baba ya ce a ƙoshe yake.

"Ranka ya daɗe, yau ba karɓa na zo yi ba," in ji Baba. "Na zo in yafe ne. Ga shaiduna. Abin da nake so kawai ka ce ina binku, ka ba ni hannu."

"Masha Allah! Alhaji, irin wannan hali sai magabata." Ina kallo hannayensa suka sauka daga kan tebur suka shige ƙarƙashi, har da carbin.

"To, ina binku?"

"Ai ka ga, Alhaji, a hukumance ba zan iya cewa kana binmu ba. Abin da kake da shi claim ne, sai an kammala tantancewa yake zama bashi. Ko ya zama ma, ba mu ke biya ba. Mu muna dubawa ne mu tura gaba, na gaba su nemi amincewa, in an amince wasu su rubuta maka takardar alkawarin biya."

"To wa zan je in samu a cikinsu?"

"Kowanne abin da na gaya maka zai gaya maka."

Baba ya ce to a nuna masa yadda ake yafewa a hukumance. Ba zan zalunci daraktan ba, ya yi tunani da gaske. Ya kira wani a waya, wancan ma ya kira wani. Amsar da ta dawo ita ce ba wanda ya tuna an taɓa zuwa da irin wannan buƙata, amma ana iya rubutowa, a haɗo da duk takardun fitar da kayan da shaidar biyan haraji, don sai an tabbatar akwai bashin kafin a san abin da za a yafe. Wato dai gana-mas-go.

"Layin masu yafewa daban ne?" Baba ya tambaya.

"Layi ɗaya ne, Alhaji."

Nan na harzuƙa. Na miƙe na juye masa Turanci, na ce tsoho ne marar lafiya ya taso tun daga Kano, hannu kawai yake nema, hannu kuwa ba ya cikin kasafin kuɗi. Daraktan ya dubi katin da ke wuyana ya ce a hankali, "Hajiya, ke ma ta gida ce, kin sani. In na ba shi hannu yau, gobe masu bincike za su tambaye ni nawa na karɓa." Abin haushin shi ne na sani ɗin. Baba ya ja gefen mayafina ya ce, "Uwata, zauna. Bawan Allah bai ci mana mutunci ba." Ya yi godiya muka fito. Da za mu rabu daraktan ƙirjinsa ya dafa, daga nesa.

A hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu. Baba yana gaba kusa da mijina, yana kallon gine-gine ta taga. Can ya ce, "Duk benayen nan cike suke da mutane, amma babu ko ɗaya da ake bi bashi." Tsohon ɗan sandan ya ce, "Alhaji, ni ma fansho nawa haka ne, ka yi haƙuri." Ni ina baya ina haɗiye kuka, don na ga an gama. Zai koma Kano da bakinsa a kaina, kuma likita ya riga ya gaya wa babban yayanmu abin da bai gaya wa Baba ba.

Da muka isa gida Baba ya yi azahar ya ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya mayar da babbar rigar, ya ce a kira maƙwabcin.

"Uwata, katin nan da kika rataya da safe, ɗauko shi."

Na ɗauko. Ya nisanta shi da idonsa ya duba hoton, ya duba tambarin.

"Nan an rubuta ke ta gwamnati ce?"

"Eh, Baba."

"Daraktan ma ya ce ke ta gida ce. Kun ji shi?" Shaidu suka ce sun ji. "To, rataya. Durƙusa nan."

Na rataya na durƙusa a gabansa.

"Ina binku?"

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne, ai Baba ba sashenmu ba ne. Har na buɗe baki. Mijina ya yi irin gyaran muryar da yake yi wa mai shirin ɓata ciniki. Na dubi Baba, na ga yadda wuyansa yake yawo a cikin wuyan rigar.

"Kana binmu, Baba."

"Kun riƙe mini haƙƙina?"

"Mun riƙe."

"Na sayar da motocina da sitona saboda ku?"

"Ka sayar."

Ya gyaɗa kai ya jima yana gyaɗawa. Ya ce tun da aka fara wannan maganar, yau ne wani ya fara amsa masa da eh. Sannan ya ce, "Kawo hannu."

Hannunsa ba nauyi, ga sanyi. Ya riƙe nawa ya juya wajen shaidu. "Ku shaida. Na yafe. Na yafe wa babba da ƙarami, mai albashi da mai fansho, duniya da lahira. Abin da na faɗa a masallaci na janye shi." Tsohon ɗan sandan ya cire hula ya ce amin da ƙarfi, jin an ambaci fansho. Baba bai saki hannuna ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Da na san za ki shiga cikinsu, da a kan manya na tsaya. Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka mai sauti, ko kunyar maƙwabci ban ji ba. Ya bar ni na ɗan yi, sannan ya ce, "To, ya isa. Me kika dafa?"

Shekaru na yi ina shirya wannan ranar a raina. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dambun nama, farfesun kan rago, har kwanukan da zan zuba na ware su a kabad, ba na barin kowa ya taɓa. Ranar kuwa mun fita da sassafe, na dawo ba ni da kuzarin ɗora komai. Babu abin da ke gidan sai sauran shinkafa da wake ta jiya a firij. Na ce ya ɗan ba ni lokaci in yanka kaza. Ya ce shi yunwar yanzu yake ji.

Na ɗumama, na zuba mai da yaji, na kawo tare da kofin zoɓo mai sanyi. Ya wanke hannu ya yi bisimillah. Mu uku muka tsaya muna kallonsa kamar ba mu taɓa ganin mutum yana cin abinci ba. Ya yi loma, ya tauna a hankali, ya ƙara wata. Ya kurɓi zoɓon ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye.

"Ashe kin iya girki," in ji shi. "Ƙaro."

Washegari motar da za ta mai da shi Kano ta zo tun ban ɗora karin kumallo ba, don yana da ganin likita. Na ce masa in ya dawo zan yi masa tuwon nan. Ya ce in rage sukari. Kafin damina ta faɗi ya rasu.

Bayan sadakar arba'in saƙo ya shigo wayarsa, wadda ke hannun yayanmu. Sabon kwamiti ne yake gayyatar Baba tantancewa, ya zo da kansa, da takardu na asali. Yaya ya kira ni ya ce gana-mas-go tana nan a ɗakin Inna, tunda ina Abuja zai aiko mini in bi. Na ce masa ba zan iya ba. Ni aka yafe wa, da shaidu biyu.